Martani: Labarin Shanghai Bai Ƙare Ranar 1 ga Yuni Ba

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar a wannan fili, inda ya ɗauko birnin Shanghai na ƙasar Sin ya kafa mana shi a matsayin abin koyi kan abin da babban birni ya kamata ya yi idan annoba ta yi kome. Hujjarsa a taƙaice ita ce: a watan Maris na 2022 korona ta sake ɓarkewa a birni mai mutum kusan miliyan 25, hukuma ta tsare kowa a gida wata biyu, aka yi ta gwaji ba dare ba rana, aka kwashe duk wanda ya kamu zuwa cibiyar killacewa, kuma da aka buɗe gari ranar 1 ga Yuni, mutum 588 kaɗai suka rasu cikin sama da 600,000 da suka kamu. Daga nan ya juyo kanmu, ya ce taurin kai da yawan surutu ne suka hana mutanen Kano da Legas cin moriyar kullen 2020, kuma duk ranar da wata annoba ta dawo, maganinta gwamnati mai ƙarfin hannu da talakawa masu jin magana.

Malam, alƙaluman da ka kawo ba kai ka ƙirƙire su ba, hukumar birnin ce ta fitar da su. Laifinka shi ne ka tsayar da labarin a daidai inda ya yi maka daɗi, ka karɓi lissafin mamata daga hannun wanda mutuncinsa ya rataya a kan lissafin, sannan ka yabi ainihin halin da ya jefa birnin cikin wahala.

Akwai inda kake da gaskiya, kuma ba zan tauye maka ba. Tsoron da ya kama shugabannin Sin yana da tushe. A farkon 2022 nau'in Omikron ya shiga Hong Kong, birni mai mutum kimanin miliyan bakwai da rabi da ya shafe shekara biyu yana tsare kansa. Cikin 'yan watanni sama da mutum 9,000 suka mutu, aka riƙa ganin marasa lafiya kwance a kan gadaje a harabar asibiti cikin sanyi, ɗakunan ajiye gawa suka cika. Mafi yawan mamatan tsofaffi ne da ba su yi allurar rigakafi ba, ko ba su kammala ta ba. Duk shugaban da ya ga haka a ƙofar gidansa, ya waiwayo ya tarar da nasa tsofaffin a irin wannan hali, dole gabansa ya faɗi. A watan Mayu kuma masana na jami'ar Fudan, wadda ke cikin Shanghai ɗin, suka wallafa ƙiyasi a mujallar Nature Medicine cewa in Sin ta saki cutar haka nan, tana iya kashe mutum kimanin miliyan ɗaya da rabi. Don haka ba na cikin masu cewa korona mura ce kawai. Na kuma yarda kullen ya karya lagon cutar a wancan lokaci: daga sama da mutum 27,000 a rana guda a tsakiyar Afrilu, adadin ya sauko zuwa 'yan gomiya a ƙarshen Mayu. Wannan ya faru. Sai dai abin da ya faru ya fi wannan yawa.

Ka kwatanta kullen kamar wani shiri da aka tsara tsaf aka aiwatar. Ba haka ya zo ba. Kafin Maris, abin alfaharin Shanghai shi ne ba ta rufe gari. In an samu mai cutar, sai a bi sawunsa, a killace ɗan wurin da abin ya shafa, sauran jama'a su ci gaba da harkokinsu. A watan Janairun shekarar har wani shagon shayi mai faɗin murabba'in mita kimanin 20 aka ware shi kaɗai a matsayin wuri mai haɗari, ƙasar duka tana yabon wannan ƙwarewa. Da Omikron ya fi ƙarfin wannan salo, hukuma ta ci gaba da musanta cewa za a yi kulle. 'Yan sanda suka sanar cewa suna binciken mutum biyu kan yaɗa jita-jitar za a rufe gari. Ranar 26 ga Maris wata ƙwararriya a kwamitin yaƙi da cutar na birnin ta shaida wa manema labarai cewa Shanghai ba za ta rufe ba, saboda nauyin da take ɗauke da shi a tattalin arzikin ƙasa da na duniya. Washegari da dare aka sanar da kulle. Aka ce Pudong, wato gabashin kogin Huangpu, zai yi kwana huɗu daga 28 ga Maris, sannan Puxi da ke yamma ya yi nasa kwana huɗun daga 1 ga Afrilu. Mutanen gabas 'yan sa'o'i kawai suka samu su yi cefane. Wanda ya yarda da gwamnati ya sayi abincin kwana huɗu ko na mako, shi ya fi kowa shan wuya, domin kwana huɗun nan wata biyu ya zama.

Abin da ya biyo baya shi ne yunwa, a birnin da ke cikin mafi arziki a ƙasar. Abinci bai ƙare a Sin ba. Yana nan jibge a manyan motoci da rumbunan ajiya, amma direbobi sun maƙale a shingayen bincike, 'yan kai saƙo a babur mafi yawansu suna kulle a gida kamar kowa, waɗanda suka fito kuwa da yawa a ƙarƙashin gada suke kwana, don in sun koma unguwa ba za a bar su su sake fita ba. Kayan tallafin gwamnati ya danganta da gundumar da mutum yake: wasu sun samu nama da kayan lambu, wasu ɗan abin da ya iso ma ya lalace. Mutane suka riƙa tashi da asuba suna danna waya don su kama odar abinci kafin ta ƙare cikin daƙiƙoƙi. Abin da ya ceci jama'a shi ne dabarar da suka ƙirƙiro da kansu. Mazauna bene guda ko unguwa guda sukan haɗa kai a manhajar WeChat, wani ya ɗauki nauyin jagoranci, a haɗa kuɗi a yi odar ƙwai ko shinkafa da yawa kai tsaye daga dila, a raba. To tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ba ta iya sarrafa wayar zamani ba, fa? Sai in maƙwabta sun tuna da ita. Wannan a birnin da kusan kowa ke da waya da asusun banki, da lantarki da ruwan famfo da firji. Ka riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa in mun zo gida.

Yanzu ga 588 ɗin da ka ɗora ginin maƙalarka a kai. Sai ranar 18 ga Afrilu hukumar birnin ta sanar da mutuwar farko a wannan zagaye, tsofaffi uku, alhali a lokacin waɗanda suka kamu sun haura 300,000. Kafin wannan rana manema labarai sun riga sun ba da rahoton mace-macen tsofaffi a asibitin kula da tsofaffi na Donghai bayan cutar ta shiga cikinsa, iyalai suna magana, amma babu ko ɗaya a lissafin hukuma. Mai hankali zai tambaya yadda aka yi cutar da ta kashe dubbai a Hong Kong ta kama mutum dubu ɗari uku a Shanghai, birni mai tarin tsofaffi, ba ta kashe ko mutum guda ba har tsawon makonni. Amsar tana cikin yadda ake rubuta sanadin mutuwa. In tsoho mai ciwon zuciya ko ciwon suga ya kamu da korona ya mutu, likita na iya rubuta ciwon zuciya, shi ke nan ya fita daga lissafi.

Ko da mun karɓi 588 ɗin yadda yake, akwai wasu mamatan da ba korona ce ta kashe su ba, matakan yaƙi da ita ne. Ranar 23 ga Maris, tun kafin babban kullen, wata ma'aikaciyar jinya ta samu tashin asma. Iyalinta suka garzaya da ita sashen gaggawa na asibitin da take aiki, suka tarar an rufe shi ana feshin magani saboda korona. Aka kai ta wani asibitin, amma ba a iya ceto ta ba, rai ya yi halinsa. Asibitin da kansa ya tabbatar da labarin. Wani sanannen masanin tattalin arziki ya bayyana cewa mahaifiyarsa mai shekara 98 ta cika a bakin sashen gaggawa bayan ta shafe sa'o'i tana jiran sakamakon gwajin korona, wanda sai da shi za a duba ta. Masu wankin ƙoda, waɗanda in suka tsallake zuwa biyu ko uku jininsu ke cika da guba, suka riƙa roƙo a intanet a taimaka a fitar da su daga unguwa. Masu ciwon daji aka ɗage musu magani. Mazauna birnin suka fara tattara sunayen irin waɗannan mamata a intanet, ana sakawa ana gogewa. Aikin hukumar lafiya shi ne ta rage mutuwa da wahala gaba ɗayansu. In ta zaɓi cuta guda ta ce ita kaɗai za ta ƙirga, kuma a kanta kaɗai za a hukunta jami'i ko a ƙara masa girma, to kowane mai gadin ƙofa da kowane shugaban asibiti ya san abin da zai kare. Mai asma ta mutu a waje, ba a rubuta masa komai. Mai korona guda ya shigo ciki, kujerarsa ta tafi.

Cibiyoyin killacewar da suka burge ka ma sai an duba su da kyau. Gaskiya ne an mai da katafaren zauren baje koli na ƙasa asibitin wucin gadi mai gadaje sama da 40,000 cikin 'yan kwanaki, an kuma kawo ma'aikatan lafiya kimanin 38,000 daga wasu larduna, da na soja. Ƙarfin aiki ne, babu musu. Amma su wa aka kwantar a gadajen? Mafi yawan waɗanda suka kamu a wannan zagaye, kusan tara cikin goma, hukuma da kanta ta ce ba su nuna alamar ciwo ba. Aka kwashi mutanen da za su iya warkewa a ɗakinsu aka tara su dubbai a zaure guda, fitilu a kunne har safe, wasu wuraren babu wurin wanka, likitocin da ya kamata su kula da masu ciwo na gaske suna can suna gadin masu lafiya. A farkon Afrilu hotunan jarirai da ƙananan yara da aka raba da iyayensu a wata cibiya da ke Jinshan suka bazu, har ofisoshin jakadancin ƙasashen Turai suka rubuta wa hukuma, sannan aka sassauta. A ƙarshen watan kuma aka fara kafa shingayen ƙarfe a ƙofofin gidaje, abin da duk wanda ya taɓa ganin gobara ya san haɗarinsa.

Duk wannan da sauƙi in da an sayi wani abu mai ɗorewa da wahalar. A nan ne babban saɓanina da kai yake. Kulle ba ya kashe ƙwayar cutar da ta riga ta game duniya. Lokaci kawai yake saya. Tamkar hatsin bashi ne da magidanci ke ci a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, amfanin gona bai nuna ba: babu laifi a ci in dai ana noma, amma wanda ya ci ya miƙe ƙafa, kaka za ta same shi da bashi ba hatsi. Noman da ya kamaci Shanghai a bayyane yake, yi wa tsofaffi rigakafi. A watan Afrilu jami'an birnin suka ce cikin masu shekara 60 zuwa sama, kimanin kashi 62 cikin ɗari ne suka yi allura biyu, kashi 38 kacal suka yi ta uku. Kuma kada a ce allurar Sin ce ba ta da ƙarfi. Binciken da masana na jami'ar Hong Kong suka yi a tsakiyar ɓarkewar can ya nuna cewa allura uku ta Sinovac tana kare mutum daga ciwo mai tsanani da mutuwa kusan daidai da ta BioNTech, kodayake allura biyu ba ta wadatar da tsoho ba. Shi kansa ƙiyasin jami'ar Fudan da masu kare kulle ke kafa hujja da shi, ya nuna cewa cike giɓin rigakafin tsofaffi da samar da magungunan cutar zai rage mutuwar ƙwarai. Hanya a buɗe take, an kuma san ta.

Gwamnatin da ta iya tsara a yi wa mutum miliyan 25 gwaji a rana guda, ta kasa kai allura ta uku ga tsofaffinta miliyan biyar da 'yan kai. Ma'aikata da kuɗi duk sun tafi ga gwaji. Bayan an buɗe gari ma, dubban rumfunan gwaji aka kakkafa a tituna, aka ce sai da sakamakon da bai wuce sa'a 72 ba mutum zai shiga jirgin ƙasa na cikin gari ko wurin taruwar jama'a. Zuwa ƙarshen Nuwamba, wata shida bayan buɗe Shanghai, alƙaluman ƙasa suka nuna kimanin kashi 40 cikin ɗari ne kawai na masu shekara 80 zuwa sama suka yi allura ta uku. Dalilan ƙin tsofaffin sanannu ne. An fara rigakafin ne da masu shekara 18 zuwa 59, likitoci da yawa suka riƙa ce wa masu hawan jini da suga su dakata, an taɓa yin badaƙalar allurar yara marar inganci a 2018 wadda ba a manta ba, sannan ita gwamnati kullum tana cewa babu cutar a gari, to tsoho ya yi allurar me? Irin wannan shakku sanda ba ta cire shi. Sai an zauna da mutum, wanda ya yarda da shi ya yi masa bayani. Birnin Beijing ya gwada tilasta nuna shaidar rigakafi a watan Yulin 2022, jama'a suka yi caa, aka janye cikin kwana biyu. Wani abin mamaki kuma, kamfanin Fosun da ya samu izinin rarraba allurar BioNTech a Sin a 2020, hedikwatarsa a Shanghai take, amma hukuma ba ta amince a yi wa 'yan ƙasa ita a babban yankin Sin ba.

In kana son misalin birni mai tsauraran dokoki da ya yi abin da ya dace, ga Singafo nan, wadda babu mai kiranta ƙasar sakaci. Ita ma ta yi kulle a 2020. Amma ta yi amfani da lokacin ta yi wa sama da kashi 80 cikin ɗari na jama'arta rigakafi, ta aika ma'aikata gida-gida wurin tsofaffin da ba sa iya fita, ta faɗa wa mutane tun a 2021 cewa cutar ba za ta tafi ba, sai dai a koyi zama da ita, ta kuma bar masu ƙaramin ciwo su yi jinya a gida don asibiti ya samu sarari. Ta buɗe a hankali. Zuwa ƙarshen 2022 mamatanta kimanin 1,700 ne cikin mutum sama da miliyan biyar da rabi.

Abin da ya fi damuna a maƙalarka shi ne yabon da ka yi wa shirun mutanen Shanghai. Da fari dai ba su yi shiru ba, rufe musu baki aka yi. Sun riƙa buga tukwane ta taga da dare suna neman abinci. A farkon Afrilu aka naɗi muryar wata jami'ar hukumar yaƙi da cututtuka ta Pudong tana faɗa wa wani mazaunin birnin a waya cewa an mai da cutar siyasa, kuma babu mai sauraron ƙwararru. Wani bidiyo na minti shida da ya tattara muryoyin mazauna birnin, kukan jarirai da roƙon masu neman asibiti, ya bazu a ƙarshen watan, masu tace intanet suka kwana suna gogewa, jama'a suna sake sakawa. Zhong Nanshan, likitan da ƙasar ta fi girmamawa a fannin cututtukan numfashi, ya sa hannu a wata maƙala a watan Afrilu da ke cewa manufar kawar da cutar ɗungurungum ba za ta yiwu na dogon lokaci ba, aka hana fassararta yawo a cikin gida. Ranar 5 ga Mayu zaunannen kwamitin ƙoli na Jam'iyyar Kwaminis, ƙarƙashin Xi Jinping, ya ce za a ci gaba da manufar ba ja da baya, kuma za a yaƙi duk maganar da ke shakkarta. Kwana biyar bayan haka shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya ce manufar ba mai ɗorewa ba ce bisa yadda ƙwayar cutar ta sauya. Aka cire maganarsa daga shafukan sada zumunta na ƙasar, ma'aikatar harkokin waje ta kira ta rashin sanin ya kamata.

Surutun da kake ƙyama shi ne hanyar da hukuma ke sanin cewa tsarinta ya fara kashe mutane. Likitan da zai iya cewa wannan mataki ba ya aiki ba tare da ya rasa aikinsa ba, da ɗan jaridar da zai je maƙabarta ya ƙirga, suna cikin kayan yaƙi da annoba kamar yadda injin gwaji yake. Manufar da ta dace da nau'in cutar na 2020, wanda bai kai Omikron saurin yaɗuwa ba kuma babu allurarsa a lokacin, ta daina dacewa a 2022. Ƙwararrun Sin sun san haka. Babu dai wanda ya isa ya faɗa a ji.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar 24 ga Nuwamba gobara ta kashe mutum 10 a wani bene a birnin Urumqi, jama'a suka yi imani matakan kulle ne suka hana ceto, kodayake hukuma ta musanta. Kwana biyu bayan haka mutanen Shanghai, waɗannan da ka ce masu jin magana ne, suka fito kan titin da ke ɗauke da sunan Urumqi riƙe da fararen takardu da babu rubutu a jiki, wasu har suna kiran shugaban ƙasa ya sauka, abin da aka shafe shekaru da dama ba a ji irinsa ba. Ranar 7 ga Disamba gwamnati ta warware mafi yawan matakan kusan a dare ɗaya, a tsakiyar hunturu, ba tare da an kammala yi wa tsofaffi allura ba, ba a tanadi isassun magunguna ba. Maganin zazzaɓi ya ɓace a kantuna. Asibitocin Shanghai suka cika har baranda, wuraren ƙona gawa suka yi layi. A farkon Janairun 2023 mataimakin shugaban asibitin Ruijin, Chen Erzhen, ya ce mai yiwuwa kashi 70 cikin ɗari na mutanen birnin sun riga sun kamu. Hukumar lafiya ta ƙasa ta ce mutum 59,938 suka mutu a asibitoci daga 8 ga Disamba zuwa 12 ga Janairu, ban da waɗanda suka mutu a gida. Wani bincike da aka wallafa a mujallar JAMA Network Open a 2023 ya ƙiyasta cewa mace-macen da suka ƙaru a ƙasar a watanni biyun nan sun kusa miliyan 1.9. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya a kansa. Amma ka lura ya zarce adadin da aka ce kulle zai hana. Tsohon da aka tsare wata biyu a ɗaki a watan Afrilu don a kare shi, cutar ta same shi a Disamba, sau da yawa ba tare da allura ta uku ba.

Ba zan daɗe kan tattalin arziki ba. Arzikin da birnin ke samarwa ya ragu da kashi 13.7 cikin ɗari a watanni uku na Afrilu zuwa Yuni, kuma ƙungiyar dillalan motoci ta birnin ta ce ba a sayar da mota ko guda ba a watan Afrilu. Li Qiang, sakataren jam'iyya da ya jagoranci birnin a lokacin kullen, ya zama na biyu a jam'iyya a watan Oktoba, ya zama firaministan ƙasa a Maris na 2023. Mai karatu ya auna abin da ake saka wa jami'i a kansa a irin wannan tsari.

Sai mu zo gida, tunda kai ka kawo mu. Kano ta samu mai korona na farko ranar 11 ga Afrilun 2020, gwamnatin jiha ta sa dokar zaman gida, sannan ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu, ana cikin azumi. Ka ce taurin kai ne ya sa mutane suka fita. Ɗan dako a Singa, da mai tura ruwa, da mai a-daidaita-sahu, da matar da ke sayar da ƙosai, abin da suka samu yau shi za a ɗora a wuta yau. Shanghai mai firji da WeChat ta ji yunwa a mako na biyu, ina ga gidan da ko ruwan sha sai an fita an sayo? Da aka ware ranakun Litinin da Alhamis don cefane, sai aka tura jama'ar gari duka kasuwa a sa'o'i guda, cunkoson ya fi na kullum. Ƙarfin hannun da kake kira kuwa mun ɗanɗana shi: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle a Najeriya, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Abin da Kano ta rasa a wancan wata shi ne wurin gwaji mai aiki kullum, da asibitocin da za su karɓi mai suga da mai hawan jini maimakon su rufe ƙofa don tsoro, da hukumar da za ta yarda da abin da masu haƙa kabari ke faɗa tun farko. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi a Kano ya gano mace-mace 979, kuma rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ƙarin sojoji a titi zai gyara.

Muna da namu darasin da ya fi na Shanghai kusa da mu. Kano, jihar da ta dakatar da allurar shan inna a 2003, tana tuna abin da gwajin maganin Trovan ya bari a 1996, ita ce daga baya ta koma karɓar allurar, har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali a watan Agustan 2020. Da me aka ci wannan? Da sarakuna da hakimai da masu unguwanni, da malaman da aka zauna da su aka amsa tambayoyinsu, da matan unguwa da ke shiga gida-gida suna magana da uwaye. Aiki ne mai cin rai, ya ɗauki shekaru, ba ya kuma yin kyau a hoto kamar zaure mai gadaje dubu arba'in.

Ba na cewa kada a taɓa taƙaita zirga-zirga. Akwai ranar da za a rufe makaranta ko a hana taro na ɗan lokaci. Amma duk gwamnan da zai sa hannu a kan irin wannan doka, a tambaye shi tun kafin ya sa: kwana nawa, me za a yi da kwanakin, wa zai ciyar da mai neman na yau, kuma wace ƙofar asibiti ce za ta kasance a buɗe ga mai naƙuda da mai wankin ƙoda. In ba shi da amsa, kada a yabe shi don ya iya rufe titi.

Kai kuma Malam, in kana neman annobar da ta yi kome a babban birni don ka yi rubutu a kanta, ba sai ka je Sin ba. Mashaƙo ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, jihar ce ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu a Najeriya, mafi yawansu yara ne da ba su kammala rigakafi ba, alhali allurar kyauta ce a asibitin unguwa, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. Ka ara wa wannan alƙalaminka, ka tambayi masu mulki nawa suka ware wa ma'aikatan da ke bin gida-gida, kuma yaushe rabon da a biya su.